Turancin Makaranta Ba a Shekara Ɗaya Ake Koyonsa Ba

Duk wanda ya saba raka mutanenmu taron iyaye da malamai a makarantun gwamnati na birnin Niyu Yok ya san tambayar da ta fi fitowa daga bakinsu: yaushe za a fitar da yaron daga ajin ESL, wato shirin koyar da Turanci ga yaran da ba shi ne harshen gidansu ba? Da wuya ka ji an tambayi abin da yake koyo a ciki, ko wane ne malaminsa, ko yaya yake a lissafi. Uba ya ajiye tasi a bakin titi, uwa ta baro shagon kitso, abin da suke son ji kawai shi ne an cire wa ɗansu sunan nan na mai koyon Turanci. Nakan yi musu tafinta a irin wannan zama, kuma na san inda ke yi musu ƙaiƙayi. Duk da haka gaggawa nake gani a cikin tambayar, kuma irin wannan gaggawar ce ta sa wasu jihohin Amurka suka shafe kusan shekara ashirin suna wani gwaji da 'ya'yan talakawa baƙi suka kwana a ciki.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar gwamnatin tarayya ta shekarar 2021 ta nuna yara miliyan 5.3 ne ke ɗauke da wannan suna a makarantun gwamnati, wato kashi 10.6 cikin ɗari na ɗalibai, yaro guda cikin kowane goma. Kusan kashi uku cikin huɗu nasu Sifaniyanci ake yi a gidajensu, sai Larabci da ke biye daga can nesa. Mafi yawansu a Amurka aka haife su, 'yan ƙasa ne tun kafin ranar suna. Namu kuwa, 'ya'yan mutanen Nijar da Najeriya da na zangon Kumasi da Nima da suka zauna a Bronx da Harlem, ba su da yawan da za a hango su a irin wannan lissafi. Shi ya sa duk muhawarar da ake tafkawa kan shirin, da yaran Sifaniyanci a zuci ake yinta, mu sai dai abin da aka yanke ya faɗo mana.

Ranar da ka kai yaro rajista za a miƙo maka takarda mai tambayar wane harshe ake yi a gida. In ka rubuta Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, sai a zauna da yaron a ji bakinsa, sannan a ba shi jarrabawar gwaji. Bai kai makin ba, ya shiga shirin ke nan. A jihar Niyu Yok matakai biyar ne, kuma ɗan firamaren da ke matakin farko doka ta ba shi minti 360 na darasin Turanci a kowane mako, wani a keɓe, wani a cikin ajinsu na kullum. Duk shekara zai sake zama jarrabawa ta saurare da magana da karatu da rubutu, har ranar da ya kai matakin sallama.

A kotu aka ƙwato wannan haƙƙi. A da, yaron da ba ya jin Turanci a bayan aji ake zaunar da shi, ya gane ko kar ya gane ruwansa. A birnin San Faransisko, yara 'yan asalin Sin kimanin 1,800 suna zuwa makaranta kullum ba mai koya musu harshen da ake karatu da shi. Iyaye suka kai ƙara da sunan wani yaro, Kinney Lau. Hukumar makarantu ta tsaya a kan cewa ita ba ta nuna wa kowa bambanci ba, kowane yaro kujera iri ɗaya ya samu, littafi iri ɗaya, malami ɗaya. A watan Janairun 1974 Kotun Ƙoli, alƙalanta tara baki ɗaya, ta ƙi karɓar wannan hujja, ta ce yaron da ba ya jin abin da ake faɗa an rufe masa ƙofar ilimi ko da yana zaune a tsakiyar aji. Amma kotun ba ta fayyace hanyar da za a bi ba. Sai a 1981, a wata shari'a da ta taso daga garin Raymondville na Teksas, kotun ɗaukaka ƙara ta gindaya sharuɗɗa uku: shirin ya kasance yana da tushe a wurin masana, a zuba masa malamai da kayan aiki da gaske, sannan bayan an ba shi lokaci a duba ko ya yi wa yaran amfani, in bai yi ba a sake lale. Sharaɗin nan na uku shi ne makamin iyaye, kuma kaɗan daga cikinmu ne suka san da shi.

Abin da ke ruɗa mu shi ne bakin yara. Yaro ya yi wata shida a makaranta, sai ka ji yana zuba Turanci da hanci kamar a nan aka haifi kakansa. Shi ke amsa waya, shi ke yi wa uwarsa ciniki a kanti. Uba ya saurara ya ce, to wannan kuma me ya rage masa?

Na taɓa zama kusa da wata yarinya 'yar aji biyar, 'yar maƙwabtanmu, tana aikin gida na kimiyya. Kafin ta zauna na ji ta tana faɗa da ƙanenta da Turancin da ni kaina ban kama rabinsa ba saboda sauri. Tambayar da ke gabanta layi uku ce, kan yadda ruwa ke tashi daga ƙasa ya zama gajimare ya dawo. Ta karanta min ita a bayyane, ba ta yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Na ce, to 'yata, me ake so ki yi? Ta yi shiru, ta fara goge wani abu da bai buƙaci gogewa ba a gefen takardar. Jimlar doguwa ce, an sarƙa sharaɗi a cikin sharaɗi, kuma kalmomi biyu ko uku da ma'anar ta rataya a kansu ba kalmomin filin wasa ba ne. Da na tambaye ta da Hausa abin da ke taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya in ruwa ya tafasa, nan take ta bayyana min komai, har da dalilin da ya sa ɗigon ke komawa ciki. Ilimin yana kanta. Harshen da za ta fito da shi a takarda ne bai zauna ba tukuna.

Masana sun daɗe da auna wannan. Jim Cummins, wanda ya yi nazarin yaran baƙi a Toronto ta Kanada, ya nuna cewa Turancin hira kan samu cikin kamar shekara biyu, na karatu kuwa yana cin shekara biyar zuwa bakwai. A shekarar 2000 Kenji Hakuta na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka duba bayanan ɗalibai a Kalifoniya da Kanada, suka samu cewa ko a makarantun da ake yabawa, iya magana sosai na ɗaukar shekara uku zuwa biyar, Turancin littafi kuma huɗu zuwa bakwai. Akwai dalili. Yaron da aka haifa cikin Turanci ba ya tsayawa ya jira baƙo, kowace shekara shi ma yana ƙara kalmomi. Baƙon dole ya yi tafiyar da ta fi ta ɗan gida sauri, shekara bayan shekara, kafin ya cim masa.

Da wannan a zuci ya kamata a karanta abin da ya faru a Kalifoniya. Zan fara da faɗin gaskiyar ɗaya ɓangaren. A shekarun 1990 akwai ajujuwan harshe biyu da sunan kawai suke ɗauke da shi: yara na wuni cikin Sifaniyanci, Turancin ɗan kaɗan, malaman ma wasu ba su da horo. A 1996 wasu iyaye baƙi, galibinsu masu aiki a masana'antun ɗinkin tufafi na Los Anjalis, suka janye 'ya'yansu daga wata firamare na wasu kwanaki, suna neman a koya musu Turanci. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Wanda ya wuni a kan keken ɗinki saboda ba shi da harshen da zai nemi aikin da ya fi wannan, ba zai so ɗansa ya gaje shi ba. Wani attajiri mai harkar manhajar kwamfuta, Ron Unz, ya ɗauki wannan kuka ya mai da shi ƙuduri mai lamba 227, kuma a watan Yunin 1998 masu zaɓe suka amince da kashi 61 cikin ɗari. Dokar ta ce da Turanci za a karantar da kowa, mai koyo kuma a sa shi a aji na musamman na ɗan lokacin da a ƙa'ida ba zai wuce shekara ɗaya ba. Arizona ta bi sahu a 2000, Massachusetts a 2002.

Kukan iyayen gaskiya ne, maganin da aka ba su ne ba shi da tushe. Babu wani bincike da ya ce shekara ɗaya ta isa. Adadi ne mai daɗin faɗi a yaƙin neman ƙuri'a. Jihar Kalifoniya da kanta ta sa aka bi diddigin dokar na shekara biyar, kuma rahoton da ya fito a 2006 ya ce babu gamsasshiyar hujjar da ke nuna Turanci zalla ya fi harshe biyu, ko harshe biyu ya fi shi. Ya kuma ƙiyasta cewa ko bayan shekara goma a makarantun jihar, damar da mai koyon Turanci ke da ita ta samun sallama ba ta kai kashi 40 cikin ɗari ba. Sauri ya haifi nawa.

Arizona ce ta fi tsananta abin, kuma ita ce ta fi ba ni takaici. Daga 2008 ta wajabta a ware masu koyon Turanci awa huɗu a kowace rana, a aji nasu su kaɗai, suna nahawu da kalmomi da karatu da rubutu. A duba yadda ranar makaranta take: awa shida ne ko bakwai, a ciki har da cin abinci da hutu. In ka cire huɗu, me ya rage wa lissafi da kimiyya da tarihi? Kuma su wa yaron zai yi Turancin da su, alhali duk wanda ke gefensa shi ma koyo yake? An raba shi da yaran da za su koya masa harshen a wasa da faɗa da raha, an kuma raba shi da darussan da kalmomin littafi ke zaune a cikinsu. Tamkar a ce wa yaro ba zai taka gona ba sai ya haddace sunan kowane kayan noma, alhali damina ba ta jiran kowa. 'Yan sakandare suka riƙa isa ajin ƙarshe ba su tara darussan da ake buƙata don karɓar takardar kammalawa ba, har adadin masu koyon Turanci da ke gama sakandare a Arizona ya zama cikin mafi ƙanƙanta a duk ƙasar. Sai a 2019 majalisar jihar ta rage awannin zuwa kusan biyu.

Kalifoniya ta riga ta juyawa. A watan Nuwamban 2016 masu zaɓe suka soke yawancin tanade-tanaden tsohuwar dokar da kusan kashi 73 cikin ɗari, fiye da waɗanda suka kafa ta tun farko. Massachusetts ta sassauta tata a 2017. Zuwa lokacin an samu binciken da ya bi yara na dogon zango. Ilana Umansky da Sean Reardon sun bi ɗalibai masu Sifaniyanci a wani babban birnin Kalifoniya, suka wallafa a 2014 cewa waɗanda ke ajin harshe biyu sun fi jinkirin samun sallama a firamare, amma zuwa sakandare sun wuce na Turanci zalla. A Portland ta jihar Oregon kuwa da ƙuri'a ake raba gurbin shiga ajin harshe biyu, don haka ba za a ce 'ya'yan masu himma ne kawai suka shiga ba, kuma waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu sun zarce sauran a karatun Turanci da kimanin wata bakwai a aji biyar, wata tara a aji takwas. Wanda ya auna a aji biyu zai ce shirin ya gaza. Wanda ya yi haƙuri zuwa aji takwas zai ga wani abu dabam. Matsalar ita ce wa'adin ɗan siyasa ya fi na karatun yaro gajarta.

Ban ce tsoron iyayenmu ba shi da dalili ba. Akwai yaran da ke shiga shirin su maƙale. A 2010 Laurie Olsen ta duba hukumomin makarantu 40 a Kalifoniya ta samu cewa kashi 59 cikin ɗari na masu koyon Turanci a sakandare sun haura shekara shida da wannan suna. Irin wannan yaro Turanci yake yi da kowa, wataƙila ma harshen gidan ya gudu daga bakinsa, amma kowace shekara ya faɗi a ɓangaren rubutu, kowace shekara a sake sa shi a darasin da ya gundure shi, a hana shi manyan darussan da ke kai mutum jami'a. A ƙarshe ya yarda cewa shi daƙiƙi ne. Na ga irinsu, kuma abin yana da ciwo. Sai dai binciken ya nuna cewa da yawansu taimako mai rauni suka samu tun farko, wasu ma an jefa su ajin kowa da kowa ba taimakon komai. Rashin ingancin shirin ne ya maƙale su.

Saboda wannan tsoro wasu daga cikinmu ke rubuta Turanci a takardar rajista, alhali a gidan ko gaisuwa ba a yi da shi. Ana ba juna wannan shawara a masallaci da wurin suna, da kyakkyawar niyya. Ina roƙon a daina. Yaron zai shiga aji ba malamin da ya san yana buƙatar tallafi, ba ƙarin lokaci a jarrabawa, ba wanda doka ta ɗora wa alhakin bin ci gabansa. Shekara biyu ko uku a ga yana baya, sai a fara zancen ko yana da matsala a ƙwaƙwalwa, kuma wannan suna ya fi wancan wuyar gogewa. Akasin haka ma yana faruwa: yaro ya taso daga Akara ko Kaduna, da Turanci ya yi karatu tun aji ɗaya, amma saboda lafazinsa bai saba da kunnen mai yi masa hira ba, ko saboda kunya ta hana shi ɗaga ido ya amsa wa babba, a sa shi inda bai kamata ba. Wannan yana da gyara. A Niyu Yok iyaye na da kwanakin makaranta 45 su nemi a sake duba matsayin yaron a rubuce. Gara a bi wannan hanya da a ɓoye gaskiya.

Wani zai ce duk wannan yabon harshe biyu me ya shafe mu, tunda ba ajin Hausa a Amurka? Tambayar tana kan hanya. A birnin Niyu Yok sai an samu yara 15 masu harshe ɗaya a aji ɗaya ko ajujuwa biyu masu bin juna kafin a wajabta wa firamare buɗe ajin harshe biyu, kuma ko mun cika adadin, ina malamin Hausa mai lasisin jiha? 'Ya'yan Nijar da suka yi boko da Faransanci suna da ɗan sauƙi, don akwai ajujuwan Faransanci da Turanci a wasu makarantun birnin, ko da yake da yawansu a unguwannin masu hali suke, inda iyaye ke layi don 'ya'yansu su samu harshe na biyu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu tunani. Abin da mai kuɗi ke nema wa ɗansa ido rufe, shi ake ce wa talaka baƙo ya yar.

Abin da ya fi dacewa da yaranmu, a ganina, shi ne tsarin da aka fara a wata sakandare da aka buɗe a 1985 a harabar kwalejin LaGuardia da ke Queens, wanda daga baya ya yaɗu ya zama jerin makarantu na sababbin zuwa, har da Bronx. A can ba a ware darasin Turanci gefe a ce sai an gama shi. Kowane malami, na lissafi ne ko na kimiyya, malamin harshe ne kuma. Ana haɗa yara daga ƙasashe daban-daban a tebur ɗaya, wanda ya fi iyawa da wanda ya zo jiya, a ba su aikin da dole sai sun yi magana kafin ya kammalu, kuma ba a hana yaro ya juya ya yi wa ɗan'uwansa bayani da harshensu. Wannan ba ya buƙatar malamin Hausa. Yana buƙatar malamin da aka horar, da aji marar cunkoso, da shugaban makarantar da ba ya ɗaukar harshen gida a matsayin ƙazanta.

Akwai kuma yaran da ke zuwa da shekara goma sha uku ko sha huɗu, bokonsu kaɗan ne ko babu, amma sun yi allo. Takardun makaranta na lissafa su cikin waɗanda karatunsu ya katse, wani lokaci a ɗauke su kamar ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Alhali yaron da ya haddace izu ashirin, yana rubuta wasiƙa da ajami, ya san zama wuri ɗaya, ya san harafi na wakiltar sauti, ya san maimaitawa har abu ya zauna. Malamar da ba a gaya mata ba ba za ta sani ba. Aikin iyaye ne su faɗa ranar farko, su zo da allon ko littafin in da hali, a gani.

Sai maganar gida, wadda ta fi kowacce nauyi a wurina. Akwai iyayen da suka daina yi wa 'ya'yansu Hausa, wai kar ta tare wa Turanci hanya. Uwa mai zurfin Hausa, mai karin magana da tatsuniya da iya jan kunne cikin hikima, sai ta koma yi wa ɗanta magana da guntun Turancin da ta tsinta a wurin aiki: zo, zauna, ci, bari. Yaron ya rasa wadatar harshe ta ko'ina. Turanci zai same shi a makaranta da talabijin da waya da titi, ko an so ko ba a so. Hausa kuwa in ba a ɗakin nan ba, ba inda zai ji ta. Kuma yaron da ya saba jin dogon labari, ya saba a tambaye shi dalili ya kawo, ya saba bambanta zance da habaici, da wannan kan zai shiga Turanci, ba sai ya sake koyon tunani daga farko ba. Na sha ganin an kira kaka a Maraɗi ko Damagaram ta WhatsApp, a miƙa wa jika waya, tsohuwa ta jero gaisuwa da kirari da addu'a, shi kuwa ya ce lafiya lau sau biyu ya miƙa wa uwarsa wayar. Ba makarantar da ta nemi wannan sadaukarwa daga gare mu. Hasali ma, tun daga Kalifoniya a 2012, yanzu duk jihohin ƙasar 50 suna buga hatimi na musamman a takardar kammala sakandaren ɗalibin da ya nuna ƙwarewa a harshe biyu.

Duk wannan yana cin kuɗi, kuma a nan gwamnatin tarayya ta daɗe tana ƙwauro. Kason da ta ware domin masu koyon Turanci a shekarar 2024 dala miliyan 890 ne. A raba shi ga yara sama da miliyan biyar, kowane yaro bai samu dala 200 ba. A 2025 abin ya ƙara taɓarɓarewa. Ranar 1 ga Maris Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin da ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma, a watan kuma aka sallami kusan duk ma'aikatan ofishin da ke kula da masu koyon Turanci a ma'aikatar ilimi. Kasafin da fadar shugaban ta gabatar ya nemi a soke kason gaba ɗaya, sannan a watan Agusta aka janye takardar jagora ta 2015 da ke fayyace wa makarantu haƙƙoƙin waɗannan yara. Ni ban ƙi a ce kowa ya iya Turanci ba, mu da muke fama da rashinsa a asibiti da kotu mun fi kowa sanin darajarsa. Amma wanda yake son yara su iya Turanci da gaske, malaman Turanci zai ƙara, ba zai rufe ofishinsu ba.

Mu 'yan Najeriya ma ba baƙin wannan muhawara ba ne. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin shekara shida a Ile-Ife, inda aka karantar da yara da Yarabanci, Turanci kuma ya zama darasi a hannun ƙwararrun malamai, kuma yaran ba su gaza a Turanci ba. A 2022 gwamnati ta amince da karantarwa da harshen uwa a firamare, a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da soke ta, tun ba a tanadi littattafai da malaman da za a ce an gwada ta da gaske ba. Can ma an yanke hukunci kafin yaro ɗaya ya gama zangon da ake magana a kai.

Janye takardar jagora bai goge hukuncin 1974 ba, bai goge dokar ba da dama daidai a ilimi da aka kafa a 1974 ɗin ba, kuma hukuncin 1982 da ya ce ba za a hana yaro makarantar gwamnati saboda rashin takardun zama ba yana nan. Iyaye na da haƙƙin a yi musu bayani da harshen da suke ji. A birnin Niyu Yok ana fassara takardun makaranta zuwa Faransanci da Larabci, Hausa ba ta ciki, amma akwai tafinta ta waya, kyauta, in an nema. A nema. Kada a yarda yaron da ake magana a kansa ya zama shi ne tafinta tsakanin uwarsa da malamarsa, domin ba ɗan shekara goma da zai fassara wa mahaifiyarsa cewa yana baya a karatu ba tare da ya rage wani abu ba.

In an zauna, a nemi sakamakon jarrabawar bara da ta bana, a ajiye su gefe da gefe. A tambayi a wane ɓangare ya ci gaba, a wane ya tsaya, magana ce ko rubutu. A tambayi wane darasi yake rasawa a lokacin da ake fitar da shi zuwa ajin Turanci, kuma wa ke mayar masa da shi. A tambayi ko malamin da ke koya masa yana da lasisin wannan aiki. Yaron da ke hawa mataki a kai a kai, ko da shekara biyar zai yi, yana kan hanya, a bar shi ya ci moriyar tallafin. Wanda ya shekara biyu a mataki ɗaya bai motsa ba kuwa, sharaɗin nan na uku na kotun 1981 ya hau kan makarantar, ita ce za ta faɗi abin da za ta canza, kuma iyaye na da ikon neman a rubuta musu shi a takarda da kwanan wata.